An yi min wankan kifi a Istanbul, ga shi zan je Italiya da iyali, dan Allah shawara

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu yawan fita waje ku taimaka min da shawara, don wallahi abin da ya same ni watan jiya har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Na je Istanbul ne ni da wani abokina, mun gama abin da ya kai mu ranar ƙarshe muka ce bari mu ɗan zaga gari, da yamma muka gangara ƙarƙashin gadar Galata inda gidajen cin abinci suke jere a bakin ruwa, kowanne da mutum a ƙofa riƙe da menu yana kiran mutane. Wani ya tare mu da sallama, har da dafa ƙirji, wai mu 'yan uwansa ne musulmi zai mana farashi na musamman. Toh muka zauna. Na duba menu na ga sunan wani kifi an rubuta 1,800 a gabansa, na ce a raina da tsada amma mu biyu ne za mu raba, ba komai. Sai ga weta da babban tire cike da ɗanyen kifi a kan ƙanƙara, ya nuna ɗaya ya ce wannan yau aka kamo shi, na gyaɗa kai kawai. Kafin kifin ya iso an cika mana tebur da 'yan ƙananan faranti har huɗu, ga burodi ga salak ga ruwan gora, babu wanda muka ce a kawo, ni na ɗauka karamci ne irin na baƙunta muka yi ta ci abinmu.

Da na ce a kawo lissafi sai ga 'yar takarda rubutun hannu, lira 7,260. Na ce kai malam ya haka? Ya ce ai 1,800 ɗin kilo ɗaya ne, kifinmu kuma kilo biyu da rabi ne, 4,500 ke nan. Kifin da wallahi ni da na gan shi ban ga alamar ya kai ko kilo ɗaya da rabi ba. Ƙananan farantin nan 300 kowanne, salak 400, ruwa 200, wani abu wai kuver 150 kan kowane mutum, sannan aka ɗora kashi 10 na sabis a kan duka. Mutane na kallon mu, abokina sai zungura ta yake wai mu biya mu tafi kar mu ji kunya, na miƙa kati, shi wetan ma da kansa ya danna wani abu a na'urar kafin ya miƙo min in sa lamba.

Yanzu matsalar wata mai zuwa in sha Allahu zan je Rum da Benis a Italiya, da mai ɗakina da kuma Hajiyarmu, kuma ba na son a tsaya cacar baki a gaban tsohuwa. Ya ake gane gidan abincin da za su yanke ka tun kafin ka zauna? Kuma in an riga an kawo takarda ka ga zalunci ƙiri-ƙiri me ake yi, a biya ne ko a ƙi?

Maman_Biyu ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ayya ƙanina sannu, Allah ya mayar da alheri. Ni na ɗan zauna a Italiya shekaru kaɗan lokacin maigida yana karatu, bari in faɗa maka abin da na sani amma ka yi haƙuri zan yi tsawo.

Abu na farko da nake so ka lura, mu da muke gudun naman da ba mu san wa ya yanka ba, duk inda muka shiga kifi muke nema, toh kuma kifin nan shi ne daidai inda tarkon yake, don kusan shi kaɗai ne ake sayarwa da awo ba da faranti ba. A Italiya ma abin ya fi na Turkiyya rikitarwa don su ba da kilo suke rubutawa ba, da giram 100 ne, suna ce masa etto. Za ka ga an rubuta kifi yuro 8, ka ce kai araha, sai a gefe da ɗan mitsitsin rubutu an sa all'etto ko hg ko 100 g. Kifi mai giram 900 ya zama yuro 72 ke nan, mutum uku in kowa ya ɗauki nasa ka yi lissafin da kanka. Kuma wannan ba laifi ba ne a dokarsu tunda an rubuta. Don haka in ka nuna kifi ka ce a auna a gaya maka nauyinsa da jimillar kuɗinsa kafin ya shiga kicin, gidan kirki ba sa jin haushin wannan tambayar ko kaɗan, su kansu 'yan ƙasar haka suke yi.

Sai coperto, shi ne ɗan uwan kuver ɗin da aka caje ka. Kuɗin zama ne da shimfiɗar tebur da burodi, kan kowane mutum, yawanci yuro 2 zuwa 3, wuraren 'yan yawon buɗe ido ya fi haka. Halas ne a wajensu in dai an rubuta a menu, galibi can ƙasa ko a bangon baya. A yankin Lazio inda Rum take an hana shi tun 2006, amma kar ka yi murna, sai su canza masa suna su ce pane wato burodi, ko servizio. In ba kwa son burodin tun ana ajiyewa ka ce a ɗauke. Benis kam coperto yana nan daram, wani wurin ma a haɗa maka shi da servizio kashi 10 ko 12. Ruwa kuma na kwalba za su kawo kuma na kuɗi ne, za a tambaye ka naturale ko frizzante, ka ce naturale in ba haka ba a kawo wa Hajiya mai gas ta kasa sha.

Wani abin da baƙo ba ya sani, shagon kofi farashi biyu ne da shi, na tsaye a kanta da na zaune a tebur. Kofin da za ka sha a tsaye da yuro ɗaya da 'yan kai, in ka zauna a waje kana kallon dandali zai iya ninkawa sau uku ko fiye. A dandalin San Marco na Benis har kuɗin kiɗa ake ƙarawa kan kowane mutum in makaɗa suna wasa, kuma a rubuce yake. Ku je ku gani ku yi hoto, in ƙishi ya kama ku ku shiga lungu.

Su kuma 'yan damfarar gaske akwai su. A farkon 2018 labari ya fito cewa wasu ɗalibai huɗu 'yan Japan an caje su sama da yuro 1,100 a Benis kan nama da soyayyen kifi da ruwa, ba a ma ba su rasit na gaskiya ba, da suka kai ƙara magana ta yi girma har magajin gari ya sa baki aka ci tarar gidan. A 2019 kuma a Rum wasu mata biyu su ma 'yan Japan aka ba su takardar kusan yuro 430, taliya faranti biyu da kifi da ruwa, cikin kuɗin har da yuro 80 wai tukuici. Ka lura duka biyun da kifi a ciki.

Makaminka a can shi ne rasit na inji, scontrino. Doka ta tilasta musu su bayar, kuma suna tsoron 'yan sandan haraji da ake kira Guardia di Finanza, lambarsu 117. Takardar rubutun hannu da jimilla kawai ba rasit ba ce. In ka ce a ba ka scontrino da komai a jere ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa sai ka ga an ce af an yi kuskure.

Ɗan_Kwantena ya rubuta:

Malam ka yi haƙuri amma gaskiya ɗaya ce, rabin laifin naka ne. Kai da za ka sayi kaya a shago ba ka yarda sai ka juya shi ka taya an ce albarka ka ƙara, amma ka shiga gidan abinci an nuno maka kifi ka gyaɗa kai ba ka ce nawa ba? Don kawai an sa farin ƙyalle a tebur? Ai kunyar nan taka ita suka sayar maka ba kifi ba. Kunyar mara kunya asara ce.

Ni na fi shekara goma ina zirga-zirga tsakanin Cana (wato China) da Dubai da Turkiyya, ba na jin yaren kowa, kalkuletan wayata ita ce tafintana. In nuna abu in miƙa waya ya danna kuɗin da hannunsa, in sake nuna faranti in zagaye shi da yatsa alamar duka ke nan? ya gyaɗa kai, shikenan. Kuma da zarar an ba ni menu nake ɗaukar hotonsa a gabansu ba a ɓoye ba, don akwai masu menu biyu, wanda ka gani a ƙofa daban wanda za a fito da shi lokacin gardama daban. Wetan da ya ga ka ɗauki hoto ya san ba kai ba ne abincinsa na yau.

A Cana awonsu jin ne, giram 500, rabin kilo ke nan, in ka ɗauka kilo ne kuɗinka ya ninka. Kuma a sa ido wajen awo, a tsiyaye ruwan, kar a auna maka da kwando, kuma wanda aka auna shi za a dafa ba wani ƙarami ba. A watan Oktoban 2015 a garin Cindawo wani ya ci jatan lande an ce masa yuwan 38, ya ɗauka faranti ne, da aka zo biya aka ce ai guda ɗaya ne 38, a ƙirga. Duk ƙasar sai da ta ɗauka, aka ci tarar mai shagon. Kuma wanda aka yi wa ɗan ƙasar ne fa, balle kai da ba ka iya karanta ko harafi ɗaya. Suna da layin kai ƙarar masu sayayya 12315. A Gwanzu kuma za ka ga 'yan kuɗi kaɗan na shayi kan kowane mutum da na kwanukan da aka naɗe a leda, wannan kowa ake caja ba kai kaɗai ba, kar ka tsaya faɗa a kai.

Turkiyyar ma da ka sani, tun farkon 2024 doka ta ce dole su kafa farashi a ƙofa kuma su ajiye a kan tebur. Kuma ƙananan farantin nan kalma ɗaya ce ta raba gardama, ka nuna ka ce ikram? wato kyauta ce? In ya ce ikram ka ci, in ya fara kame-kame ka tura masa abinsa.

Akanta_Ne ya rubuta:

Ni inda hankalina ya tsaya shi ne inda ka ce wetan ya danna wani abu kafin ya miƙo maka na'ura. Ɗan uwa je ka duba saƙon bankinka ka gani da wane kuɗi aka cire, don ina kyautata zaton an ƙara maka wani yankan a nan ma. Na'urar in ta gane katin na wata ƙasa ne takan tambaya, a cire da kuɗin ƙasar da kake ciki ko da kuɗin da katinka yake ɗauke da shi, misali dala. Mutum sai ya ga dala ya ji daɗi wai ya fi gane lissafin, alhali in ka zaɓi wannan to ba bankinka ba ne zai yi canjin, kamfanin na'urar ne da nasa farashin, kuma kusan kullum ya fi tsada, wani lokacin mai shagon ma yana da kasonsa a ciki shi ya sa suke saurin danna maka. Ƙa'idar Visa da Mastercard ita ce kai mai kati kai za ka zaɓa. A Turkiyya ka ce lira, a Italiya ka ce yuro, ko a ATM ne haka.

Kuma kar ka sa lambar sirri sai ka karanta adadin da ke kan allon da idonka. Turawan nahiyar Turai da Turkawa waƙafi suke sawa inda wasu ke sa ɗigo, 72,50 yana nufin saba'in da biyu da rabi, 7.250 kuma dubu bakwai da ɗari biyu da hamsin, sifiri ɗaya in ya ƙaru cikin gaggawa ba za ka lura ba sai ka koma masauki. Kati kuma kar ya bar gabanka, su kawo na'urar tebur ko ka tashi ka bi shi kanta. In tsabar kuɗi ne ka faɗi adadin da baki lokacin da kake miƙawa, ɗari biyu, don akwai masu sauya takarda cikin ƙiftawar ido su nuno maka ƙarama su ce ita ka bayar.

Sai maganar haraji, wannan ba damfara ba ce amma tana ba mutane mamaki. A Singafo in ka ga farashi da alamar tarawa biyu a gabansa, ++, ma'anarsa za a ƙara kashi 10 na sabis sannan kashi 9 na haraji a kan jimillar, abin 100 ya zama 119.90. Tailan kashi 10 da kashi 7. Masar manyan wurare kashi 12 na sabis da 14 na haraji, ka ga an haura kashi 25 ke nan kan abin da ka gani a menu. Dubai gidajen abincin otal akwai kashi 7 na hukumar birni da 10 na sabis da 5 na haraji, sai ka karanta layin ƙasan menu ka ga an riga an haɗa ko ba a haɗa ba. Saudiyya harajinsu kashi 15 ne tun Yulin 2020 amma ya kamata a ce yana cikin farashin da aka kafa, rasit ɗinsu kuma yana zuwa da tambarin QR, in an maka ba daidai ba ka kira ma'aikatar kasuwanci a 1900.

Sabon_Shiga ya rubuta:

Innalillahi. Akanta na duba yanzun nan, da dala aka cire wallahi. Wato sau biyu aka yanka ni a zama ɗaya.

Anti Maman_Biyu na gode ƙwarai Allah ya raya zuri'a, wannan etto ɗin da ban ji shi a nan ba da na sake faɗawa, don Hajiya kifi kawai za ta yarda ta ci. Ɗan_Kwantena ka faɗi gaskiya duk da ta yi ɗaci, na karɓa. Amma fa ka sani mutumin nan da sallama ya tare mu, yana ta ɗan uwa ɗan uwa, sai na ji kamar in na tsaya tambayar kuɗi na zarge shi ne.

YarJirgi ta rubuta:

Ni dai ina so in ɗan ja birki, kar a tsorata bawan Allah ya je yana kallon kowane weta a matsayin ɓarawo ya hana kansa da iyalinsa jin daɗin tafiya. Aikina ya sa na kwana a garuruwa da yawa kuma gaskiya sau nawa aka cuce ni da gangan? bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Mafi yawan abin da mutanenmu ke kira damfara rashin sanin tsarin wurin ne kawai, na sha ganin mutum yana ta masifa a kan abin da yake rubuce a gabansa, ni da ke gefe kunya ta kama ni.

Amurka misali, farashin menu babu haraji a ciki, kuma tukuici kashi 15 zuwa 20 kusan dole ne don da shi ma'aikatan suke rayuwa, in ka fita ba ka bari ba kai ne ka yi cutar. Abin lura kawai in kuna da yawa, kamar shida zuwa sama, wurare da yawa sun riga sun saka shi cikin lissafin, sai kuma ga wani layi a ƙasa fanko yana jiran ka ƙara, in ba ka karanta ba ka biya sau biyu. Landan za ka ga kashi 12.5 an ƙara, na ganin dama ne, in ba a kula da ku da kyau ba kana iya cewa a cire kuma za a cire. Faransa sabis yana cikin farashi tun asali, kuma ruwan famfo a tulu kyauta ne in kana cin abinci, ka ce carafe d'eau, in ka ce ruwa kawai sai a kawo na kwalba mai tsada. Fotugal suna ajiye burodi da zaitun da cuku ba ka tambaya ba, in ka ci ka biya in ba ka taɓa ba doka ta hana a caje ka, kuma kowane shago yana da littafin ƙorafi na hukuma, ambatonsa kawai yana daidaita mutum. Japan ba a ba da tukuici sam, amma wasu wuraren dare za a kawo ɗan ƙaramin kwano otoshi wanda kuɗin zama ne a fakaice.

Kan tambayarka ta yadda ake gane wuri, ni abin da nake dubawa ba shi da yawa. Wanda abincinsa ke da daɗi ba ya ɗaukar mutum aiki ya tsaya a titi yana jan hannun mutane. Menu mai yare shida da hotunan abinci da rana ta kashe musu kala, ga taliya ga kifi ga boga ga komai da komai, wuce. Ka yi tafiyar minti biyar ko goma daga inda ake ɗaukar hoto, ka leƙa ka ga su wa ke zaune, in ka ji yaren garin ke tashi a teburori to ka samu. A Google kuma kar ka tsaya kan taurari, ana sayensu, ka juya sharhin ya fara daga mafi ƙasƙanci ka karanta guda biyar, in uku suna maganar lissafi ka san inda aka dosa. Duk wannan kafin ku fito daga masauki za ka yi shi, Hajiya ba ta ma san an yi ba.

Malam_Shiru ya rubuta:

Ba na yawan magana a nan amma tambayarka ta biyu ba a amsa ta sosai ba, a biya ko a ƙi. Amsar ta danganta da inda kake zaune.

In gidan abinci ne a fili, da mutane, ƙofa a buɗe, kamar inda aka yi maka, to ba a biyan abin da ba a yarda da shi ba da sauri haka. Ba ihu ba zagi. Ka ce a kawo menu, ka ɗora shi gefen takardar ka bi layi-layi da biro, abin da kuka ci ka yarda da shi ka ce ga kuɗinsa, saura kuma a kira manaja, in ya ƙi ka ce toh a kira 'yan sanda su raba mu, ka fito da waya. Ba sa son wannan a gaban sauran masu cin abinci, yawanci a nan farashi ke fara saukowa. Abokinka da ke zungurar ka shi ya taimake su.

Amma akwai wani nau'in da ba a gardama. Ƙanin matata ya faɗa ciki a Istanbul wajen titin Istiklal, wani mutum mai tsafta ya tambaye shi hanya, wai shi ma baƙo ne, hira ta yi daɗi, ya ce zo mu sha shayi na san wani wuri. Suka gangara wani bene na ƙasa, kafin ya ankara wasu mata sun zo sun zauna an fara kawo kwalabe shi ko lemo ɗaya ya sha, aka kawo takarda ta fi kuɗin tikitin jirginsa, ya waiga ya ga ƙatti biyu a bakin ƙofa, abokin nasa kuma wai shi ma mamaki yake yi har yana cewa mu raba biyu. Har ATM suka raka shi. Irin wannan ana yinsa a Budafes, ana yinsa a unguwar Kabukico ta Tokiyo, a Beijin da Shangai kuma da shayi ake yi, matasa ne za su ce ɗalibai ne suna son su gwada Turancinsu su kai ka bikin shan shayi na gargajiya. A irin wannan wurin ranka ya fi kuɗi. Ka rage abin da za ka iya ragewa da lalama, ka biya da kati in da hali don ya bar shaida, ka fita, ka riƙe sunan wurin da titin, daga nan sai ofishin 'yan sanda ka karɓi takardar rahoto, sannan ka kira bankinka a ranar. Ba kullum kuɗin ke dawowa ba tunda kai ka sa lambarka da hannunka, amma ba tare da rahoton ba ko sauraronka ba za a yi ba. Lambar da za ka kira, Turai da Turkiyya 112, Tailan 'yan sandan baƙi 1155, Masar 126.

Shi ya sa ni wurin da zan ci ni nake zaɓa. Ko direban tasi ne ya ce wancan da ka ambata an rufe ga wani mai kyau, na gode, kai ni in ga rufewar da idona. Lada ake ba shi kan kowane kai da ya kawo, kuma daga cikin farantinka za a fitar da shi.

Ɗan_Kwantena ya rubuta:

Malam_Shiru ni kam ko a benen ƙasa ne ba na ba ƙato kuɗina haka kawai, sai dai a yi wacce za a yi.

Malam_Shiru ya rubuta:

Alhaji Allah ya sa kar a gwada ka. Shi ma ƙanin matar tawa haka yake cewa kafin ranar.

Sabon_Shiga ya rubuta:

Hhhh Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Na gode muku duka wallahi na ƙaru. Anti tambaya ɗaya ta ƙarshe, ya zan ce da yarensu a gaya min jimillar kuɗin kifin kafin a dafa? In rubuta a waya in haddace tun yanzu. Kuma tukuici fa, a Italiya ana bari ne ko coperto ɗin ya wadatar?

Maman_Biyu ta rubuta:

Ka ce quanto pesa, nawa ne nauyinsa, ana furta shi kwanto peza. Sannan quanto viene in tutto, nawa ya kama gaba ɗaya, kwanto biyene in tutto. In harshe ya ƙi ka yi dabarar Alhaji ka miƙa kalkuleta. Tukuici ba dole ba ne a can, in kun ji daɗi ka bar yuro biyu ko uku a tebur, in kuma ka ga servizio a takardar kar ka ƙara ko sisi. Wanda ya ce maka dole ne ƙarya yake.

Kuma ka tambaya ko an sa giya a miyar kifin, vino, suna yawan zubawa a girkin kayan ruwa. A gaida Hajiya, Allah ya kai ku lafiya.